Halcyon mai HyperSight: abin da hoton sakan 6 yake gyarawa a ɗakin gashin ciwon daji, da abin da ya bari

A sashen gashin ciwon daji, a Jidda ne ko Makka ko Riyad, majiyyaci yakan shafe minti 10 zuwa 15 a cikin ɗaki, amma hasken da ke ƙona ƙarin da kyar yake kai minti 2 ko 3 a kunne. Ragowar lokacin yana tafiya ne wajen kwantar da shi da tabbatar da cewa kwanciyar yau ita ce kwanciyar ranar da aka ɗauki hoton CT aka tsara masa magani. Likita ya zana ƙarin a wancan hoton, masanin fiziks ya lissafa inda haske zai sauka, to amma cikin mutum ba ya zama wuri guda daga Lahadi zuwa Alhamis. Yau mafitsara ta cika, gobe ta yi rabi, jibi iska ta taru a hanji, bayan mako uku wuya ya rame. Na'urar hoton da ke jikin injin gashi ita ce take kama wannan bambanci kafin a kunna haske.

Wadda muke dubawa a nan ita ce HyperSight, tsarin hoton da kamfanin Varian ya sanar a 2022, a kan injinsa Halcyon da ya fito a 2017. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne, a hoton tabbatar da kwanciya na kullum, wannan ci gaba ne na gaske, musamman a ƙirji da ciki da ƙugu. Sai dai hoto komai kyansa nuna kuskure kawai yake yi. Gyaran yana hannun gado da ma'aikaci da shirin da majiyyaci ya yi tun daga gida, kuma ta wannan ɓangaren injin yana da giɓin da mai talla ba zai fara ambata ba.

Da can fim ake sakawa a bayan majiyyaci, a harba masa kaɗan daga hasken gashin, a wanke, likita ya duba bayan an riga an gama jalsa, wato zaman gashi na ranar, sau ɗaya a mako in an yi ƙoƙari. Daga baya allon lantarki na EPID ya maye gurbin fim, hoto ya riƙa fitowa nan take. Matsalarsu ɗaya ce. Haske mai ƙarfin megabolt 6 ba ya bambance ƙashi da tsoka sosai, balle tsoka da tsoka, domin a wannan ƙarfin kaurin nama da nauyinsa ne kusan kaɗai ke rage shi. A ƙarfin kilobolt 100 zuwa 140, irin na CT, kalsiyam ɗin da ke cikin ƙashi yana shanye haske fiye da nama nesa ba kusa ba, shi ya sa hoton yake fita ɓaro-ɓaro. Wannan ne ya sa David Jaffray da abokan aikinsa a asibitin William Beaumont da ke jihar Mishigan ta Amurka suka ɗaura bututun eksire da allo a gefen injin gashi, suka juya su suka samu hoto mai zurfi irin na CT. Elekta ta fara sayar da shi a farkon shekarun 2000 da sunan Synergy, Varian ta biyo da nata. Shi ne CBCT da sassan gashi suka dogara da shi yau.

Duk ma'aikacin gashi ya san lahanin CBCT na gargajiya. Babba a ciki shi ne lokaci. Injin da kan nasa ke zagaye majiyyaci a fili, irin TrueBeam ko Versa HD, an daɗe da ƙayyade masa zagaye ɗaya a minti don kada ya buge mutum ko gado. A cikin wannan minti mutum zai yi numfashi sau 12 zuwa 20, hanji zai motsa, iskar da ke ciki ta ja zane baƙi da fari a kan hoton, gefen hanta da ƙasan huhu su dusashe. Sai warwatsuwar haske. CT na asibiti da siririn haske yake yanka jiki, CBCT kuwa buɗe hasken yake yi ya rufe ciki gaba ɗaya, don haka hasken da ya karkace a cikin jiki yana faɗa wa allo da yawa. A ƙugun mai jiki yakan ma fi wanda ya wuce kai tsaye. Tsakiyar hoto sai ta yi duhu, kuma lambobin HU da ke nuna nauyin nama a hoto, waɗanda ruwa ya kamata ya ba da 0, iska ta ba da −1000, sai su kauce. Ga kuma ƙanƙantar allo: mai santimita 40 da 30 ba ya ɗaukar faɗin ƙugu, dole a gusa shi gefe ya ga rabi, a yi cikakken zagaye kafin kwamfuta ta haɗa.

Halcyon ya magance matsalar lokaci ne ta hanyar rufe komai a cikin akwati. A ido ba shi da bambanci da injin CT: rami ne mai faɗin santimita 100, duk abin da ke juyawa yana bayan murfi, babu abin da zai bugi kowa, don haka yana yin zagaye 4 a minti. CBCT ɗinsa na kilobolt, wanda aka ƙara a 2018, yana ɗaukar sakan 17 zuwa wajen 40 gwargwadon tsarin da aka zaɓa. HyperSight ya zo da allo mai santimita 86 da 43, da gudun zagaye 6 a minti lokacin ɗaukar hoto. Da yake allon ya isa ya ga faɗin jiki duka yana tsakiya, ba sai an yi cikakken zagaye ba. Digiri 211 sun wadatar, kuma a wannan gudun ƙasa da sakan 6 ke nan. Faɗin hoton santimita 53.8 ne, ana iya tsawaita shi da lissafi zuwa 70. Akwai manhaja da ke ƙiyasta hasken da ya warwatsu ta cire shi, da wata da ke rage zanen da ƙarfe ke jawowa, irin na haƙorin da aka yi wa ciko ko kwankwason da aka yi wa dashe. Mai saye ya lura: ana sayar da HyperSight a kan TrueBeam ma, amma suna ne ɗaya, allon da saurin ba ɗaya ba ne.

Inda sakan 6 ya fi nuna amfaninsa shi ne riƙe numfashi. Mace mai ciwon dajin mama na hagu ana sa ta ja numfashi mai zurfi ta riƙe, huhu ya cika ya ture zuciya nesa da ƙirji. Haka ake yi a wasu ƙarin hanta da huhu don su tsaya cak. A CBCT na minti ɗaya sai an yanka hoton gida uku ko huɗu, kowane da nasa riƙon, kuma riƙo na uku ba ya kai na farko zurfi, don mutum ya gaji. Hoton da aka haɗa daga nan yana ɗauke da matsayi uku a cakuɗe. A nan riƙo ɗaya ya isa, kuma ko dattijuwar da ba ta iya wuce sakan 10 za ta iya. Ƙarfin numfashin sai a adana shi don gashin kansa.

Saurin yana da tarkonsa. Idan majiyyaci yana numfashi yadda ya saba, kuma an tsara maganin ne a kan duk hanyar da ƙarin huhu ke bi sama da ƙasa, hoton sakan 6 numfashi ɗaya ko biyu kawai zai kama. Ƙarin zai iya fitowa tsaf a wurin da ba shi ne matsakaicin wurinsa ba, ma'aikaci ya ga hoto mai kyau ya daidaita a kansa, ya kawar da gado daga inda ya kamata. Don wannan ne aka tanadi tsarin ƙirji na ɗauka a hankali, mai kusan minti ɗaya. Hotonsa ya fi dishi-dishi, amma shi ne mai gaskiya ga irin wannan majiyyacin. Sashen da bai rubuta wane majiyyaci ne na wane tsari ba, zai wayi gari kowa na danna mai sauri.

Yadda jalsa take gudana

Cibiyar hasken tana cikin rami, ido ba ya ganinta, kuma injin ba shi da fitilar da ke haska filin gashi a kan fata. Ana daidaita majiyyaci ne da layukan lesa a waje, a kan alamomin jikinsa ko na takunkumin roba, sannan a danna gado ya shige da shi ciki. Daga nan injin ba zai kunna haske ba sai an ɗauki hoto, kowace jalsa, babu tsallakewa. Wannan tilas ɗin yana cikin abubuwan da suka fi burge mu a injin, domin ya rufe ƙofar "yau layi ya yi tsawo, jiya ma daidai ya fito". Ana zaɓar ƙarfi gwargwadon wuri: kilobolt 100 ga kai, 125 ga ƙirji da ƙugu, 140 ga ƙugun mai jiki sosai. Kwamfuta sai ta ɗora hoton yau a kan CT na tsari, ta daidaita da ƙashi, ta ba da lambobi uku: sama ko ƙasa, ciki ko waje, dama ko hagu.

Aikin ma'aikaci daga nan yake farawa. Zai duba ta fuska uku, ya bi hoton daga farko zuwa ƙarshe, ba yanka ɗaya na tsakiya ba. Bayan ƙashi ya zauna, sai ya dubi naman da ake nufi, domin furostat (gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) da bakin mahaifa suna iya gusawa da milimita da yawa ƙashin ƙugu bai motsa ba. Kuskuren da ya fi muni, kuma kyan hoto ba ya hana shi, shi ne daidaitawa a kan gaɓar ƙashin baya da ba ita ba. Gaɓoɓin tsakiyar baya sun yi kama da juna, kwamfuta tana iya zamewa gaɓa ɗaya ta ce komai ya yi. Maganinsa a tabbata hoton ya haɗa da wata shaida da ba ta da tagwai, kamar inda maƙogwaro ya rabu biyu ko haƙarƙarin ƙarshe, a ƙirga daga nan. Kuma idan gyaran da kwamfuta ta nema ya kai santimita guda, kada a danna kawai; a koma ɗaki a duba ko matashin kai ne ba nasa ba, ko an bi tsohuwar alama.

Me ya sa ake wannan wahala a kan milimita? Saboda ratar da ake ƙarawa kewaye da ƙari don kada haske ya kuskure shi. Lissafin da masanin fiziks Marcel van Herk ya fitar a 2000 ya ce a ninka kuskure mai maimaituwa kullum sau 2.5, a ninka kuskuren da ke canzawa rana zuwa rana sau 0.7, a haɗa. A ce na farkon milimita 2 ne, na biyun 3: ratar ta zama 7.1. Idan hoton kullum ya sauko da su zuwa 1 da 2, ratar ta koma 3.9. Ɗauki ƙari mai siffar ƙwallo, faɗinsa santimita 4. Da ratar milimita 7 za a ƙona nama wajen cc 82 (cc ɗaya mililita ɗaya ne), da ratar 4 kuwa wajen cc 58. Bambancin cc 24 ɗin nan lafiyayyen nama ne, bangon hanji ko mafitsara ko huhu.

Amma kada kyan hoto ya ruɗi likita ya matse rata fiye da kima. Hoton yana gyara kwanciya ne. Ba ya gyara kuskuren zanen ƙari a ranar tsari, ba ya ganin ƙwayoyin ciwon dajin da suka yaɗu ba su kai girman da ido zai gani ba, kuma ba ya ganin motsin da ke faruwa bayan an ɗauke shi. Wani bincike daga Burasels a 2009 ya nuna masu ciwon furostat da aka matse musu rata saboda an dogara da daidaitawar kullum, cutarsu ta fi dawowa fiye da waɗanda aka bar musu rata mai faɗi.

Gado, inda gizo ke saƙa

Gadon da Halcyon ya fito da shi motsi uku kawai yake yi a miƙe. Ba ya juyawa, ba ya karkata. Hoton zai nuna maka sarai cewa ƙugu ya murɗe da digiri 2, amma ba abin da za ka danna ya gyara. Digiri 2 a nisan santimita 10 daga cibiya milimita 3.5 ne, digiri 3 kuwa ya haura 5. A ƙaramin ƙari mai zagaye wannan ba komai ba ne. A dogon filin gashi irin na bakin mahaifa da kaluluwar ƙugu, ko bayan hanci har zuwa ƙasan wuya inda laka take kusa, rata gaba ɗaya ta tafi. Mafita ita ce a fito da gado, a sake kwantar da mutum, a sake hoto, kuma a nan duk lokacin da sakan 6 ya rage yake komawa. TrueBeam mai gadon PerfectPitch yana gyara karkata har digiri 3 daga ɗakin kwamfuta. Asibitin da zai saya ya nemi a rubuta masa a takardar ciniki wane gado ne ke cikin tayin, kuma motsi nawa yake yi. Wanda ya riga ya mallaki mai motsi uku, ya zuba kuɗinsa a kayan riƙe jiki: matashin gwiwa da na ƙafa masu lamba da ke maƙalewa a wuri ɗaya a jikin gado, katifar da ake zuƙe wa iska, takunkumi mai maƙalai biyar da ya kama kafaɗa.

Shirin majiyyaci kuwa babu injin da zai yi masa. A gashin ƙugu ana so mafitsara ta cika daidai yadda ta cika ranar tsari, don ta ture ƙananan hanji sama. Abin da aka saba shi ne ya yi fitsari, ya sha ruwa wajen rabin lita, ya jira minti 30 zuwa 45, ko da yake kowane sashe da nasa awon. A zafin Makka na watan Yuli, wanda ya wuni bai sha ruwa ba jikinsa zai shanye rabin litan nan, hoto ya nuna mafitsara a yamutse. Shan ruwa tun safe a hankali ya fi kwankwaɗa a ƙofar ɗaki. Iska kuma daga abinci take. Ful da tamis na karin kumallon Hijaz, shinkafa da wake na gida, lemon kwalba mai gas, duk a hoto ake ganinsu washegari, dubura ta kumbura ta ture furostat gaba. HyperSight yana fitar da iskar nan da gefenta a tsaye, ba zane ya rufe komai ba kamar da, amma hukuncin ɗaya ne: a sauko da Alhaji ya zaga banɗaki a sake. Idan jalsa ta faɗo cikin Ramadan, a yi maganar tun kafin hoton tsari. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, kuma wanda aka tsara masa da cikakkiyar mafitsara ba zai iya zuwa da ita da azumi a baki da rana tsaka ba.

A kai da wuya, inda akan ba da Gy 70 (Gy shi ne ma'aunin adadin hasken gashi) a jalsa 35 cikin mako 7, matsalar rama ce. Maƙogwaro ya yi ciwo, ci ya ragu, kaluluwar wuya ta saɓe, takunkumin da ya kama tsam a makon farko ya fara lilo a na huɗu, kamar rigar da tela ya auna kafin azumi aka sa ranar salla. Hasken da aka lissafa zai ratsa nama mai kauri yanzu siriri yake ratsawa, ƙwayoyin yawu da laka su samu fiye da rabonsu. A nan ne gyaran lambobin HU ya yi rana. A tsohon CBCT ganin ramar kawai ake yi, sai a nemi layi a injin CT. A wannan, hoton ya kai ingancin da za a sake lissafin tsari a kansa a ga ko laka ta haura iyakarta, har ma akwai tsarin ɗauka na musamman don tsara magani kai tsaye. Sharaɗin shi ne masanin fiziks ya auna dangantakar HU da nauyin nama da fantom, wato jikin gwaji da ake sawa a madadin mutum, mai ɗauke da ƙwayoyin ƙashi da huhu da kitse na gwaji, kowane ƙarfi da nasa jadawalin, domin ƙashi ba ya ba da lamba ɗaya a kilobolt 125 da 140. Yankin da aka tsawaita zuwa santimita 70 ƙiyasi ne na kwamfuta. Ya isa a ga kafaɗa da gwiwar hannu, amma ba mu ba da shawarar dogara da lambobinsa ba a lissafin da haske zai bi ta can.

Akwai maganar ɗigon tawada na dindindin da ake yi wa fata don daidaitawa, wanda mutanenmu da dama ba sa so saboda hukuncin zanen jiki. Hoton kullum ya rage nauyin da ke kan ɗigon, wasu sassan kuma sun koma ga kyamarorin da ke karanta saman fata, irin AlignRT ko Identify, waɗanda ba sa cikin farashin injin. Baƙar fata tana shanye hasken da kyamarar ke haskawa, don haka sai an zaɓi saitin launin fata da ya dace, in ba haka ba wurin ya fito da ramuka, lambobi su riƙa tsalle. Kyamarar kuma sai ta ga fata a buɗe. A gaya wa Hajiya wannan tun farko, kuma ta nemi ma'aikaciya mace in ta fi so, abu ne da aka saba. Dattijon da ya zo daga Kano ko Damagaram ba ya jin Larabci, a koya masa umarnin numfashi da Hausa kafin ya hau gado, a kuma bar mai rakiyarsa kusa da makirufo. "Baba, ja numfashi, riƙe, saki" ta fi kowace manhaja tasiri a kan ingancin hoton nan.

Kwanciya daban, adadin haske daban

CBCT yana tabbatar da wuri ne kafin gashi. Bai ce komai a kan abin da ya faru lokacin gashin ba. A Halcyon allon megabolt mai santimita 43 da 43 yana kafe daura da bakin haske, kuma yana ɗaukar hasken da ya fito ta bayan majiyyaci a kowace jalsa ba tare da an umarce shi ba. Idan aka gwada hoton jalsa ta 15 da na jalsa ta farko, rama ko iska ko ruwa da ya taru a huhu suna bayyana. Asibitoci da yawa suna tara hotunan nan ba mai buɗewa, kuma asara ce. Da allon ne kuma ake gwada tsari kafin majiyyaci ya fara, a ma'aunin gamma, wanda ke gwada hasken da aka auna da wanda aka lissafa, da sassaucin kashi 3 cikin 100 da milimita 2: rahoton TG-218 na ƙungiyar masana fiziks na asibiti ta Amurka ya sa dacewar kashi 95 na wuraren da aka auna a matsayin abin karɓa, ƙasa da 90 kuma a tsaya a bincika.

Hoton kansa haske ne da ke shiga jiki. CBCT na ƙugu yakan bar cGy 1 zuwa 2 ko ɗan fiye (cGy 100 ne Gy ɗaya), ƙashi kuma yana ɗaukar ninki. A jalsa 25 na Gy 45, cGy 2 kullum ya zama 50, ɗan sama da kashi 1 cikin 100, nesa da kashi 5 da rahoton TG-180 na ƙungiyar nan ta Amurka ya ce daga nan a sa shi cikin lissafi. Ga yara akwai tsarin kilobolt 80, kuma a taƙaita tsawon hoton iya wurin da ake buƙata.

Duk wannan ya rataya ne a kan abu ɗaya: cibiyar hoto ta zama ita ce cibiyar haske. In sun saɓa da milimita 2, kowane majiyyaci za a daidaita shi tsaf a wurin da ba daidai ba, kullum, kuma wannan shi ne kuskuren da ake ninkawa sau 2.5. Rahoton TG-142 da ƙungiyar ta fitar a 2009 ya ce a duba kullum, kada ya wuce milimita 2 a gashin yau da kullum, milimita 1 a gashi mai tsananin ƙarfi na jalsa kaɗan. Halcyon yana tilasta gwajin lafiyar inji mai suna MPC kowace rana kafin a fara aiki, da fantom mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe, cikin 'yan mintuna. Yana da kyau, amma injin ne ke duba kansa da allonsa. Sai an haɗa da gwajin Winston-Lutz, mai duba ko cibiyar hoto ta dace da ta haske, da fantom ɗin da ba na kamfanin ba, da fantom ɗin Catphan duk wata don ganin ko kaifin hoto da lambobin HU sun gusa daga awon ranar karɓa. Zobe-zobe a tsakiyar hoto alama ce ta matattun ɗigo a allo ko saitinsa ya tsufa, a sake masa awon duhu da na haske.

Wa ya kamata ya saya? Sashen da ke da cunkoson mama, furostat, bakin mahaifa, dubura da kai da wuya, kuma yana da wani injin a gefe. Halcyon ƙarfi ɗaya gare shi, megabolt 6, ba shi da hasken elektiron na ciwon saman fata, filinsa santimita 28 da 28 ne sai an haɗa cibiya biyu, kuma ba a harbi ta kusurwar da ke buƙatar juya gado. A matsayin injin asibiti tilo, waɗannan za su sa a riƙa tura mutane wani gari. Ga majiyyaci mai iƙama, wato takardar zama a Saudiyya, da ke bin inshora a asibitin kuɗi, sunan injin bai kai waɗannan tambayoyi muhimmanci ba: hoto kullum ne ko mako-mako, wa ke duba shi bayan ma'aikaci, kuma in na rame za a sake tsari?

'Yan'uwa na Sudan, a Mai Wurno da Gadarif da Kasala, sun daɗe suna dogara da cibiyar gashi ta Hartum da aka buɗe a 1967 da ta Jami'ar Jazira a Wad Madani, inda injinan kobalt suka ɗauki kaso mai yawa na aikin, kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa hidimar, nauyin ya koma kan cibiyar da ke garin Marawi da ƙasashen waje. Idan aka zo sake ginawa, injin nan yana da abin jan hankali: yana zuwa da bayanan haskensa a shirye, girka shi ba ya ɗaukar lokaci, kuma yana da katangar tare haske a cikinsa da ke rage kaurin ginin da ake buƙata. Amma yana son wuta tsayayya da ruwan sanyi ba yankewa, kuma ƙura tana toshe injin sanyaya ruwan da ke waje, a Sudan ne ko a Hijaz. Tun da ba ya gashi sai da hoto, mutuwar bututun eksire tsayawar aiki ce. Komawa hoton megabolt yana buƙatar sake lissafi, domin MU 5 ko 10 da yake ci (MU shi ne awon hasken da inji ke fitarwa) suna cikin tsarin. Kwangilar gyara ta fayyace ko bututun da allon suna ciki, awa nawa injiniya zai ɗauka ya iso, kuma a wane gari kayan gyaran suke ajiye.

Kafin a sa hannu a takardar karɓa, a yi gwajin daga farko zuwa ƙarshe. A ɗauki fantom na kai mai ƙwallon ƙarfe ɓoye a ciki da gurbin na'urar awon haske, a yi masa CT, a zana, a tsara, a kwantar da shi a karkace da gangan da milimita 5 zuwa 10 ta kowane ɓangare ba tare da an gaya wa ma'aikacin nawa ba ne. Shi zai ɗauki hoto, ya daidaita, ya harba. Ƙwallon ya faɗo cikin milimita 1 daga tsakiyar fili, awon haske ya zo cikin kashi 3 na abin da aka lissafa. Kowane ma'aikacin da zai zauna a gaban injin ya yi nasa, kuma a maimaita duk lokacin da aka sabunta manhaja ko aka canza bututu.